Sunan da Inna Ta Kasa Kira

Sunana Hannatu, ni ce auta a ɗakinmu. Yayana Iliya ya rasu bara ana cikin yankan gero, a ƙauyenmu da ke tsakanin Cadakori da Gidan Sori. Matan zumunta na majami'armu suka ce in rubuta yadda jinyarsa ta kasance, a riƙa karanta wa mutane, ko Allah ya sa wani ya kai nasa asibiti da wuri. Na daɗe ina ɗagawa. Karatuna bai wuce lakol ba, wato firamaren ƙauye, kuma mahaifiyarmu tana da rai, ba na so in faɗi abin da zai sa a zarge ta. Da na gama na karanta mata. Ta ce in bar shi yadda yake.

Sai na fara da abin da baƙo ba zai gane ba. Iliya ɗan fari ne. A wajenmu mace tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Matan yanzu sun fara sakin abin, amma Inna ta tsohuwar hanya ce. Da aka yaye shi, kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi. A ɗakinta ya girma, gida ɗaya da mu, danga kawai ta raba. Lokacin da Baba da Inna suka karɓi bangaskiyar Almasihu sun bar al'adu da yawa, amma wannan kunyar ta bi Inna har cikin majami'a. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Da ya yi aure ta koma cewa "mijin Saratu". Ko annabin da yake da sunansa ba ta kira, "annabin nan da hankaki ya kai wa abinci" take cewa, mu yi ta dariya. Shi ma yana dariya. Ban taɓa zaton abin yana cinsa ba. Ni a cinyarta na girma, har na yi aure in ta ji na yi tari sai ta taɓa mini goshi.

Yaya manomi ne, gero da wake. Baba ya daɗe da rasuwa, shi ke riƙe da gidan. Shi ne kuma mai jan waƙa a majami'a, shi ke kaɗa ganga, shi ke tara yara ran Lahadi yana koya musu cewa Allah ba ya jiran mutum ya gyaru kafin ya ƙaunace shi.

Ciwon ya fara ne da noman fari. Ya riƙa gajiya tun rana ba ta yi zafi ba, ya dogara da hauya yana haki. Abinci ya fita ransa. Saratu, matarsa, ta ce fitsarinsa ya koma kamar shayi. Amma wadda ta fara ganin idonsa ya yi ruwan ɗorawa Inna ce. Daga nesa ta gani, yana wanke fuska a bakin rijiya. Da ni ce, da ta kama kunnena ta ja ni wajen majo, malamin asibiti, a ranar. Shi kuwa ba ta iya tsayawa gabansa ta dube shi, balle ta ce masa ya je a duba shi. Sai ta kira Saratu bayan rumbu.

"Ki duba idon mijinki in rana ta hito."

Saratu ta duba, ta gaya masa. Ya ce gajiyar noma ce, in an gama za ta wuce. Inna ta shiga daji ta samo sassaƙe da saiwoyi irin na ciwon shawara, ta jiƙa, ta ba Saratu, ta ce kada ta ce daga ina ya fito. Haka aka yi makonni, maganar uwa tana zuwa masa ta bakin matarsa, shi kuma yana ture ta kamar yadda maza ke ture maganar matansu.

Ni ina aure a Gidan Rumji, ina ɗinki. Bikin suna ne ya kawo ni gida. Da na gan shi na kasa gaishe shi daidai. Kumatunsa sun faɗa, wuyansa ya zama siriri, cikinsa kuwa ya turo riga.

"Yaya, mi ya same ka?"

"Tuwon Saratu ne ya karɓe ni, Auta. Ke dai ba a ba ki ne shi ya sa kike baƙin ciki."

Na ce gobe za mu asibiti. Nan shawarwari suka taso. Tsofaffin unguwa suka ce shawara ba ta son allura, wanda aka yi wa allura da shawara a jikinsa ba ya tashi. Wani ya ce a kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho. Wata ta ce kwaɗo ne aka sa masa a ciki don hassadar gona. A majami'a ma akwai waɗanda suka ce a fara da azumi da addu'a tukuna. Maganar allurar nan ita ta fi cin mu, don ko Saratu ta yarda da ita, ta yi ta kuka tana cewa so nake a kashe mata miji. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ya saurari wannan magana. Mako guda muka ƙara a gida saboda ita.

Wanda ya raba gardamar Kawu Sani ne, yayan Inna. Musulmi ne, shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu, kuma tun da Inna ta bi Baba zuwa majami'a bai taɓa yanke zumunci ba. Da safe sai muka ji shi da amalanke a ƙofar gida.

"Ku shimfiɗa mai tabarma. Ni ban ga wanda surutu ya warkar ba."

Ruwa ya cinye hanya, Yaya kuma ba ya iya zama a kan babur ɗin kabu-kabu saboda cikin. A amalanke muka kai shi Cadakori. Majo ya ja fatar idonsa, ya danna cikin, ya buga shi da yatsa ya saurara. Bai yi mana faɗa ba. Ya rubuta takarda ya ce kada mu biya ta gida, mu wuce Gidan Rumji. A can aka ɗebi jini, aka ce wannan sai Maradi.

Ban taɓa zama a babban asibiti ba sai wannan karon. Layi a wajen karɓar kati, layi a wajen analiz, wato awon jini, layi a farmasi, ka kai gaba a ce maganin ya ƙare sai a cikin gari. Yaya yana kwance a kan benci, ni da Saratu muna musayar tsayuwa. Masu jinya kuwa a tsakar asibiti suke zama, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa da tabarmarsa da murhunsa. In hadari ya taso a kwashe kaya a cunkushe a baranda har ruwa ya ɗauke. A nan na ga kirkin mutane. Wata Bafulatana da ke jinyar mijinta ta matsa mana wuri, ta ara mana tukunya tun ba ta san sunanmu ba.

Bayan kwana biyu sai ga Inna da ƙunshin kayanta a ka. Ba wanda ya aika mata. Ta ce ta zo ne ta riƙe wa Saratu goyo. Ta shimfiɗa tabarmarta a gindin itace, inda in ta ɗaga kai za ta hango tagar ɗakin da aka kwantar da shi. Ɗakin kuwa ba ta shiga ba. Likita ya hana shi gishiri, ita ke dama masa kunu, ita ke yi masa faten da ba gishiri, ita ke wanke zannuwan da ya ɓata. In na fito sai ta tambaye ni tana kallon wuta, "Ya mai ɗakin? Ya sha?" In na ɗauki kwano ta ce, "Ki ce Saratu ta dama."

An yi masa hoton ciki da suke ce wa eko. Likitan saurayi ne mai haƙuri, yana jin Hausa sosai. Kalmomi biyu na bakinsa suka zauna mini har yau: epatit da siroz. Ya ce ƙwayar ciwo ce ta daɗe a jininsa tana cin hanta a ɓoye, shekara da shekaru, har hantar ta ƙanƙance ta yi tauri. Ruwan da ke cikinsa daga nan yake. Ya tambaya ko ya sha jiƙo. Muka ce ya sha. Ya ce a daina, don hanta mai rauni ba ta iya ɗaukar irin waɗannan. Ni da Saratu muka dubi juna. Ba mu kai wa Inna wannan maganar ba.

Amma ɗayar ba ta ɓoyuwa. Likita ya ce a auna duk ƴan gida. Aka auna Saratu da yara, aka auna ni, aka lallashi Inna ita ma ta miƙa hannu. Ni ba a samu komai ba. Saratu da yara ma Allah ya tsare. A jinin Inna aka samu. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani a hankali. Ya ce mutum yana iya rayuwa da ita har tsufa bai sani ba, kamar Inna. Ya ce a ƙasarmu sau da yawa tun wajen haihuwa ɗa ke ɗauka daga uwa, ko tun yana ƙarami. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa haka aka yi, kuma ko haka ne ba laifin kowa ba ne, don a wancan lokacin ba wanda ya san a yi wa jariri rigakafi.

Inna ba ta ji ƙarshen maganar ba. Farkon kawai ta ɗauka. Da muka koma gindin itace ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ke na ba ki nono, na ba ki cinya, na ba ki baya. Wancan, ciwo kaɗai na ba shi."

Daga ranar ta rage cin abinci. Aikin ba ta fasa ba, amma in faston ƙauyenmu ya zo dubiya muka taru za a yi addu'a, sai ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Allah ya nuna mini matsayina. Mi zan je in ce mai?"

A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Wata mata daga wata majami'a ta cikin gari ta zo gaishe mu da ayaba da sabulu, mun gode. Amma da za ta tafi ta ce, a gaban Inna, ya kamata a binciki gida, ciwo irin wannan ba ya shiga sai in akwai zunubin da ba a tuba ba. Na ga Inna ta sunkuyar da kai kamar an karanta mata hukunci. Sai Kawu Sani, da ya zo da buhun gawayi a ranar, ya ajiye carbinsa.

"Baiwar Allah, ciwo ba sammacin alƙali ba ne. Annabawa ma sun kwanta. Ki gaida gida."

Ku masu zuwa dubiya, in ba ku da abin faɗa, ku ce sannu ku tashi. Ya isa.

Makonnin da suka biyo baya kamar mako ɗaya ne ake ta maimaitawa. A sa masa allura a ciki a zuƙe ruwa, ya cika roba. Ya samu numfashi, ya zauna, ya yi wa maƙwabtan gadonsa ba'a, har ya rera waƙa ƙasa-ƙasa yana buga ƙarfen gado da yatsa. Mu ce an samu sauƙi. Bayan ƴan kwanaki cikin ya sake cika, ƙafafu su kumbura, a sake rubuta takardar magani. Muka sayar da awakin Saratu, sannan nawa, sannan bijimin Yaya. Mijina ya ɗauki keken ɗinkina ya kai kasuwar Gidan Rumji, ya dawo da shi, ya ce ya kasa sayarwa. Komawa gida ba ta yiwuwa, don ruwan zai dawo ba mai zuƙewa. Zama kuma yana cinye abin da yara za su ci. Ga gona an bari a tsakiyar damina. Daga baya muka ji maƙwabtanmu Musulmi da ƴan majami'a sun yi gayya sun yi mana maimai, noma na biyu, ba wanda ya roƙe su. Allah ya saka musu.

Sannan kansa ya fara juyewa. Ya riƙa barci da rana kamar an ɗaure shi, in ya farka ya kira Saratu da sunan kakarmu. In ya miƙa hannu sai ya riƙa kaɗawa. Likita ya ce dattin da hanta ta kasa tacewa ne yake hawa kai, kada mu riƙe abin da zai faɗa.

Wata rana da la'asar ɗakin cike da masu dubiya, Inna ta zo wucewa ta bakin taga da kwanon wanki a ka. Ya hango ta. Ya ɗaga murya, irin muryar da yake jan waƙa da ita.

"Wacece wagga matar da ke bin mu? Kullum tana nan. Ku tambaye ta sunana. Ku tambaye ta mana! Ba ta sani ba."

Saratu ta rufe masa baki da hannu, ya ture. Ta taga na ga Inna ta tsaya. Ta sauke kwanon ƙasa, ta gyara ɗaurin zane, ta sake ɗauka ta wuce wajen famfo. Ta wanke kayan tas, ta shanya.

Aka ba shi maganin da ke sa zawo don dattin ya fita. Bayan kwana biyu hankalinsa ya dawo. Ina ba shi kunu da cokali, ya riƙe hannuna.

"Auta, na san abin da na faɗa. Ba duka ne ciwo ba."

Na ce ya yi shiru ya sha.

"Kunun Inna ne wanga. Saratu ba ta iya sa tsamiya haka ba. Tun ina yaro na san hannunta, a ɗakin Kaka ma ita ke aikowa." Ya huta. "Ina gaya wa yara Allah shina ƙaunarmu ba don mun yi komi ba. Da baki na sani. Amma yanzu in na rufe ido zan yi addu'a, sai in ga shi ma ya juya mini ƙeya, shina aiko da kunu ta hannun wani. Ni ba kunu nike so ba, Auta. Ina tsoron in tahi haka."

Na fita na sami Inna tana fifita wuta. Na durƙusa, abin da ban saba yi mata ba.

"Inna, ki shiga ki kira shi. Sau ɗaya kawai."

Ba ta dube ni ba. "Kina zaton ban gwada ba? Ina wanki ina gwadawa a bakina, ba kowa kusa. Sai ya taho nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ya tsaya. Tun ina yarinya aka ɗaure shi, Auta, ban san inda bakin zaren yake ba. Kuma da wane baki? Ni da na ba shi abin da ke kashe shi?"

Fasto ma ya gwada. Ya ce mata kunyar nan ba doka ba ce a wurin Allah, kuma ciwon ba zunubinta ba ne. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Fasto, kai ɗan yau ne." Kawu Sani ya ce mata, "Ladi, uwarmu da ta koya miki wanga abu tana ƙasa, ba za ta tashi ta yi miki faɗa ba." Ta ce ta ji. Ba ta shiga ba. Haka muka zauna, shi a ciki yana kallon taga, ita a waje tana kallon taga, ni ina kai kwano ina dawo da kwano.

Gero ya fara nuna lokacin da likita ya kira ni da Kawu Sani ofishinsa. Ya ce sun kai iyakar abin da za su iya. Ya ce in muna so za su ci gaba da zuƙe ruwan, amma da ɗan'uwansa ne, da ya kai shi gida ya ga yaransa. Na ji haushinsa a ranar. Yanzu ina gode masa, don bai bar mu muka sayar da gona a kan abin da ya san ba zai yiwu ba. Ya rubuta mana maganin rage zafi, ya nuna wa Saratu yadda za ta riƙa juya shi.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da nake so a riƙe. In idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, ko cikinsa ya fara kumbura, a kai shi asibiti a makon, kada a tsaya jiƙo, kada a ji tsoron allura. A auna jinin ƴan gida ko suna jin lafiya. Mace mai ciki ta nemi a auna ta, a yi wa jariri rigakafi tun yana sabon haihuwa. Likita ya ce ko da mun zo da noman fari wataƙila hantar ta riga ta yi nisa, amma da an gano shekarun baya, akwai maganin da ke riƙe ciwon. Inna yanzu ana duba ta lokaci-lokaci. Kuma in kin ga alamar ciwo a jikin ɗanki, ko na fari ne, ki faɗa masa da bakinki.

Muka dawo gida. Aka kwantar da shi a ɗakinsa, aka saki asabari a ƙofa. Inna ta kawo tabarmarta bakin ƙofar daga waje. Mutane suna ta shiga suna fita, Musulmi da Kirista, kowa ya gaishe ta ta amsa kamar baƙuwar da ta zo taya zama.

Ran Lahadi bayan sujada ƴan majami'a suka biyo gidan, suka yi waƙa a tsakar gida ba ganga, don ba wanda ya yarda ya taɓa gangarsa. Da suka watse aka bar fasto da Saratu da ni a ɗakin. Ranar hankalinsa garau yake, sai dai muryar ta shige ciki. Fasto ya ce kowa ya yi addu'a a taƙaice. Saratu ta yi, na yi. Fasto zai rufe, Yaya ya motsa hannu.

"Inna ta yi."

Na san ta ji, asabari ne kawai tsakani. Muka jira har na fid da rai. Sai asabarin ya ɗaga. Ta shigo a sunkuye, ta durƙusa wajen ƙafafunsa, ta ba shi gefe, fuskarta na kallon bango. Tun da nake ban taɓa ganinsu a ɗaki ɗaya ba sai ranar.

"Ya Uba," ta ce. "Ga... ga..."

Ta tsaya. Ta sake ɗauka, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Yaya ya rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, da ma ba a sa ta ba, yanzu zai tafi da wannan ma. Fasto ya buɗe baki zai karɓa mata, sai ta ci gaba, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ya Uba, ka gani, na kasa. Kai ka san sunanshi. Kai ba ka kunyar ɗa. Ka kira shi da ƙarfi ya ji, ka kira shi gaban kowa. Ka ɗauke shi yadda ban ɗauke shi ba. Abin da na ba shi a jini ban sani ba, kai ka sani. Na zo gabanka da shi haka nan, ba ni da abin gyarawa. In ba ka kore ni ba, to shi ba ka juya mai baya ba. Ba ka taɓa ba."

Ta miƙa hannu, ba ta duba ba, ta kama ƙafarsa mai kumburi ta riƙe.

Fasto ya kasa cewa amin. Yaya ne ya faɗa. Sannan ya ce, "Na ji, Inna."

Ta daɗe riƙe da ƙafar. Da ta tashi ta ce wa Saratu ƙafar ta yi sanyi, a rufa masa, ta fita.

Bai ƙara maganar tsoro ba. Washegari ya sa aka kira yaransa ya yi musu wasa, ya ce wa fasto a ba wani gangar kada fatarta ta bushe. Daga nan barci ya yi ta ɗaukarsa. Ya cika da hantsi, ana shigo da dammunan geronsa da mutane suka yanke masa. Inna ba ta yi kuka gaban jama'a ba, don uwar ɗan fari ba ta yi. Waɗansu baƙi da suka zo gaisuwa sun yi ta mamakin taurin zuciyarta.

Ina gode wa Kawu Sani, da majo, da likitan da ya gaya mana gaskiya, da Bafulatanar da ban san inda take ba yanzu, da duk wanda ya sa hannu a gonarmu. Ba a ba mu warkarwar da muka roƙa ba. Ban san dalili ba, kuma na daina neman wanda zai gaya mini. Abin da na gani kawai na rubuta.

Inna ta koma majami'a, tana zama a wurinta na da, layin tsofaffi. Har yau "mijin Saratu" take cewa. Kwanan baya muna sussukar gero mu biyu, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko abin yana damunta, da ya tafi ba ta kira shi ba. Ta ci gaba da daka. Sannan ta jingine taɓarya.

"Shina damuna, Auta. Kullum. Amma na bar wa wanda ya iya."